Fuskar ƙanwata a takardar siminti

Kai, ai ba sai an sa fim ba! Dannawa kawai za ka yi, fuskar mutum ta fito a bayan kyamara nan take. Ranar da na fara ganin kyamarar nan a kasuwar Dembé, wajen masu kayan gwanjo, wallahi ko abinci ban iya ci ba. Na saye ta, na koya wa kaina, ba wanda ya nuna mini. Biki, suna, layin mahauta inda Baba ke sayar da nama, komai ɗauka nake. Wadda na fi ɗauka ƙanwata ce, ita ba ta gajiya da tsayawa.

"Yaya, yaushe za ka wanke mini ko guda?"

"Wanki na mutanen da ne. Suna nan cikin ordinatar."

Ordinatar ɗin, wato kwamfuta, ta wani siber ce, shagon intanet a unguwar Diguel. Katin kyamarata ƙarami ne, sai in juye hotuna can in goge, in sake fita. Kun san halin kuran, wato lantarki, a garin nan, ya ɓace, ya dawo da fushi. Wata azahar ya dawo ya ƙone injin ƙurmus. Na ce kalas, shi ke nan, a sake ɗauka, mutanen ai suna nan.

Da damina zazzaɓi ya kama ƙanwata. Ba ta tashi ba.

Bayan sadakar arba'in Inna ta kira ni ɗaki.

"Kai mai foto, kawo mini ɗiyata in gani."

Ba ni da ko ɗaya. Na zaga dangi har unguwar Goudji, babu.

Sai na ɗauko takardar siminti, irin wadda Baba ke naɗe nama da ita, na zaro gawayi a murhu. Ina yaro nakan yi zane a bango. Kullum bayan la'asar sai mu zauna da Inna a tabarma, ina ja tana gyara mini.

"Goshin ya yi faɗi. Ina wushiryar?"

"Inna, ai bakin a rufe yake."

"To buɗe shi! Yaushe ka taɓa ganin yarinyar nan baki rufe?"

Muka yi dariya, sai tata ta koma kuka.

Gawayi ba ya sauri. Ka ja layi, ka goge da yatsa, ka tsaya ka yi ta tunani. A nan na gane duk ɗaukar da na yi mata ban san yadda girarta ta kwanta ba. Yanzu kyamarar tana nan, ina aiki da ita, amma kafin in danna sai na zaunar da mutum na zana shi tukuna, ko yana tsaki. Ku gwada, wallahi ido buɗewa yake!

Wata rana Inna ta ce, "Ita ce." Ta liƙa a bango. Maƙwabciyarmu ta shigo, ta duba ta ce, "Hajiya, hotonki ne na ƙuruciya?"

Ashe fuskar Inna da ke gabana nake ta kallo ina zanawa. Inna ba ta cire zanen ba. Ni ina ta sake wani a ɓoye, kullum kamannin ƙara nisa suke.

Wanda fuskar wani nasa ta taɓa suɓuce masa haka, don Allah da me ka riƙe ta? Ku faɗa mini, ina saurare.