Jan Fenti a Jikin Tsamiya

Har yau in na ga jan fenti a jikin itace, sai raina ya ɓaci.

Lokacin da Jalingo ta zama babban birnin jiha, ina koyarwa a firamare. Ran Asabar nakan bi wasu 'yan sa-kai mu zaga ƙauyuka, muna neman inda tsuntsaye ke sheƙa mu sa a taswira. Shugabanmu wani malamin kwaleji ne mai taurin kan tsiya. Ka ce masa ruwa na jiƙa mutum, sai ya ce kawo hujja.

A Kona akwai wata tsohuwa, ƙawar mahaifiyata, mai tsamiya a ƙofar gida. Duk shekara shamuwa na sauka a kanta, kuma tsohuwar ba ta fita shuka sai sun iso. Ba ta barin kowa ya ɗaga danƙo a wurin. Albarkacina ta yarda muka ƙirga sheƙunan.

Muna gamawa shugaba ya zaro gwangwanin jan fenti, wai zai sa alama don mu gane itacen in mun dawo duba 'ya'yan.

Na ce, "Malam, ba ka ga masu faɗaɗa hanya ba? Duk itacen da za su sare, ja suke shafa masa."

Ya ce, "Nasu gicciye ne, namu da'ira."

Da'ira! Lebura da gatari cikin zafin rana, shi zai tsaya tantance da'ira? Kuma tsamiya ɗaya tal a ƙofar gida, wa za ta ɓace wa? Na yi magana har bakina ya bushe, ya shafa abinsa.

Da muka koma, tun daga nesa na hango fili fetal inda inuwa take. Maƙwabta suka ce jiya aka sare, tsohuwar tana kasuwa. Rassa a zube, 'yan shamuwa ko gashi ba su gama fitarwa ba, tururuwa ta lulluɓe su. Iyayen na ta shawagi a sama.

Shugaban nan namu ya buɗe baki, wai ai leburori jahilai ne. Allah ya sani, ba don idon tsohuwar ba, da na shaƙe shi.

Ita ko kallo bai ishe ta ba. Ni ta duba.

"Ɗana, kun zo ƙirga?" Ta nuna ƙasa da sandarta. "Ga su nan. Yau ba sai kun ɗaga kai ba."