Yadda Nicholas Mai Kwal Ya Sauke Teɓa

Nicholas Kumai ɗan Kagoro ne, a gindin dutse aka haife shi, gidan manoma. Bai ƙarasa makarantar mishan ba ya gangaro Kafanchan yana saurayi, ya shiga aikin reluwe. Da goge injin ya fara, daga baya aka ɗora shi fayaman, wato mai zuba wa injin kwal. Tun daga nan sunan Mai Kwal ya manne masa.

Aikin ba na rago ba ne. Daga Kafanchan zuwa Jos hawa ne zalla, kuma injin ba ya hawa sai da wuta. Nicholas zai wuni a sunkuye da shebur, wuta na lasar fuskarsa, gumi na zuba har cikin takalmi. In ya dawo gida yakan tashi da tuwon mutum uku, ya bi da dafaffiyar doya, amma ana iya ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin singileti. Abin yana damun matarsa Lucia, don matan coci suna yi mata tsiya wai ba ta iya riƙon miji ba.

Da shekarun saba'in suka kama, injinan dizal suka fara ture masu kwal. Aka mayar da Nicholas mataimakin direba, aka ba shi kujera, aikinsa duban hanya da jan usur. Cikinsa kuwa bai ji labarin an sauya aiki ba. Lokacin kuma kantunan garin suka cika da kayan gwangwani. Lucia ta samu abin da ta daɗe tana nema: safe shayi mai kauri da madara da sukari, burodi a shafe da bota, rana shinkafa da manja yana iyo a kai, lemon kwalba kamar ruwan sha. In ya tashi aiki sai ya tsaya wurin amininsa Malam Sambo, mai tsire a bakin tasha, wanda kullum yake ware masa wurin kitse.

Cikin 'yan shekaru Nicholas ya zama ƙato. Wuya ya haɗe da kafaɗa, teɓa ta riga shi shiga ɗaki. Ba wanda ya ga aibi. A Kagoro cewa ake yi Allah ya ɗaga gidan Kumai, yara suna kiransa Oga. Shi kaɗai ya san yadda gwiwoyinsa ke kuka in ya durƙusa a coci, da yadda yake tsayawa ya huta tsakanin matakalan injin.

Asirin ya tonu ne a damina ta 1975, ranar da surukinsa ya kira gayyar noman citta. Ba a san suruki da zama a inuwa ranar gayya ba. Nicholas ya tuɓe riga ya ɗauki garma, samari suka yi masa shewa. Bai kai ƙarshen kunya ta farko ba sai ƙasa ta juya masa, ya zube a kan garmar. Da ya farfaɗo, ya ga surukin nasa, wanda ya ba shi shekara talatin, tsaye a kansa yana yi masa fifita da hula, ga shi ya riga ya gama tasa kunyar.

"Ɗana, koma gindin ɗorawa wurin mata, ka taya su rabon kunu," in ji tsohon. Ba da ba'a ya faɗa ba, da tausayi ne, kuma shi ne abin da ya fi ƙona Nicholas.

Washegari ya tafi asibitin mishan. Wata nas mai suna Sista Caroline, 'yar Godogodo, ta auna jininsa, ta ɗora shi kan sikeli.

"Baba, jininka ya hau, sukari ma yana bakin ƙofa. Me kake ci?"

Ya faɗa mata, har da ɗan alfahari.

"Kuma aikin me kake yi?"

"Zama," ya ce, bayan ya ɗan yi tunani.

Ta ba shi magani, amma ta ce maganin gaske yana cikin tukunyar gidansa. Ta bayyana masa cewa akwai ma'aunin ƙarfin da ke cikin abinci, kalori ake ce masa, kuma duk abin da jiki bai ƙone ba ajiye shi yake yi. Ludayin mai guda ya fi kwano cike da ganye nauyi a wannan awo. Burodi da bota da kwalbar lemo sun kai cikakken kwanon pate, alhali ba sa riƙe ciki. Ta faɗa masa iyakar da ba zai wuce ba a yini, da kimar kowane abincin da ya saba ci, ta sa ya maimaita har ya zauna masa. Wanda ya yi shekaru yana auna wa injin kwal gwargwadon tudu bai sha wahalar gane wannan ba.

Wahalar tana gida. Ya zaɓi wani ƙaramin ƙoƙo ya miƙa wa Lucia.

"Maman Roseline, daga yau wannan ne muduna. Acca ko dawa, cikin wannan sau ɗaya. Ganye ki zuba yadda kike so. Mai rabin ludayi. Abin da ya fito daga gwangwani ko kwalba, ki ba yara."

Lucia ta dubi ƙoƙon, ta dube shi. "Abincin da muka gudu muka bari a ƙauye? Yanzu da mutane suka fara ganin mutuncina?"

"Mutuncinki ya kusa sa ki baƙin kaya," ya ce.

Ta yi fushi, amma ta dafa. Paten acca da rama da yakuwa da gauta, wake da ɗan gishiri, dafaffiyar gwaza, rizga in lokacinta ne, gwanda da lemon zaƙi daga bayan gida. Kafin ya sa hannu sai ya tambayi abin da aka zuba, ya haɗa a ka da abin da ya ci tun safe. In ya ga ya kusa iyaka, ya ture sauran. Ya jingine kekensa, ya koma zuwa aiki a ƙafa.

Watannin farko sun yi masa ɗaci. Yunwa ta sa shi faɗa, har yara suna gudun inda yake. Ƙanshin tsiren Malam Sambo kuwa yakan tare shi tun daga nesa.

"Mai Kwal, me na yi maka? Ga naka na ajiye, kitsen har ɗiga yake."

"Malam Sambo, yanka mini jan zalla, tsinke ɗaya, ban da ƙuli."

"Tsinke ɗaya! Ai wannan na mai jego ne da ba ta da lafiya."

Suka yi dariya, ya karɓi ɗayan ya wuce. Ya taɓa zamewa: da Kirsimeti da bikin sabuwar shekara a Kagoro ya saki jiki, naman alade da burkutu da shinkafa, har ya mayar da kusan rabin abin da ya sauke. Sista Caroline ba ta yi masa faɗa ba. Ta nuna masa allurar sikelin kawai, ya koma gida ya nemi ƙoƙonsa.

Da jikin ya fara zubewa sosai sai surutu ya tashi. Wasu suka ce tarin fuka ne, wasu suka ce an yi masa asiri a wurin aiki. Yayarsa Catherine ta shigo mota daga Kagoro ta dira a gidan ba sallama, ta tsare Lucia a murhu.

"Ke, me kika yi wa ɗan'uwana? Mun ba ki mutum, kin mayar da shi kara!"

Nicholas na shirin fitowa ya raba, sai ya ji muryar matarsa.

"Yaya, ni nake kwana da shi. Da in ya yi barci numfashinsa tsayawa yake, in zauna ina jijjiga shi. Yanzu yana barci kamar jariri. Duk mai so ya zage ni ya zage ni, ƙoƙon nan ba zan ƙara masa ba."

Ya koma ya zauna. Bai taɓa sanin tana tashi tana gadin numfashinsa ba.

Zuwa 1977 tela ya rage wandunansa har ya gaji, ya ce a ɗinka sababbi. Nicholas bai koma siririn nan na zamanin kwal ba, ya dai zama mutum daidai, mai faɗin ƙirji, mai saurin tafiya. Jininsa ya sauka, aka rage masa magani.

A wannan shekarar, wata ranar kasuwa da rana tsaka ana tsuga ruwan sama, Malam Sambo ya yanke jiki ya faɗi kusa da tukubarsa, baki ya karkace. Ruwa ya cika hanya, ba mota ko ɗaya a bakin tasha. Mutane suka kewaye shi suna salati. Nicholas ya sauko daga aiki ke nan. Bai tsaya tambaya ba, ya ce a ɗora masa shi a baya. Sambo ba ƙaramin mutum ba ne, amma haka ya goya shi cikin taɓo, yana kiran sunansa don kada ya tafi, bai dire shi ba sai a barandar asibiti. Likita ya ce hawan jini ne, kuma an kawo shi a kan lokaci.

Sambo ya tashi, ko da yake hannun hagu bai dawo daidai ba. Bayan an sallame shi, matarsa Kubra ta zo gidan Nicholas da ƙwaryar ƙwai ta godiya. Ta zauna a tabarma ta daɗe tana juya mayafi, sannan ta ce wa Lucia, "Maman Roseline, nuna mini yadda kike wannan paten naku." Lucia ta tashi ta ɗora tukunya, ta aika a tsinko rama.

Nicholas ya ajiye aikin reluwe a ƙarshen shekarun saba'in, ya koma Kagoro ya kama noman citta da hannunsa. Ya ga auren 'yarsa Roseline, ya ga jikokinsa sun yi makaranta. Ranar kasuwar Kafanchan yakan sauko, ya zauna a bencin Malam Sambo, su biyun su raba gwanda guda suna gardamar wanda ya fi wani tsufa.