Hannun da Inna Ta Riƙe

Assalamu alaikum. Na san kun daɗe ba ku ji ɗuriyata ba. Waɗanda suka turo saƙo ban amsa ba, ku yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne. Wannan rubutun ma da yatsa ɗaya nake danna shi, ina bin sa da ido.

Ina da ciwon suga tun haihuwar autata. Na saba da abina, ina shan magani, ina zuwa ma'aikata daga Bwari kullum. Sai na fara jin kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafata. Na ce gajiya ce. Da ya hau yatsun hannu na ce sanyin ofis ne, na shafa man zafi na ci gaba da harkata.

Biro ya fara zame min. Wata rana oga ya dubi takarda ya ce, "Madam Binta, wannan sa hannunki ne kuwa?" Na yi dariyar yaƙe.

Ranar da na tsorata, miya nake saukewa. Na ji ƙauri kamar ana babbaka, na waiwaya ina neman abin da ke ƙonewa, ashe tafin hannuna ne a jikin tukunya. Fata ta saɓule, ni kuwa ko ɗis ban ji ba.

A asibiti likita ya ce in rufe ido, duk sanda na ji ya taɓa ni in yi magana. Na zauna ina jira ya fara. Can ya ce, "Hajiya, buɗe idonki." Allura ce a hannunsa, ya riga ya gama tsikarar yatsuna duka.

Aka ɗebi jini, aka yi min wani gwaji da ake liƙa wa mutum wayoyi ana ɗana masa lantarki. Shi kaɗai ya cinye fiye da rabin albashina. Sakamako ya nuna suga ya ci jijiyoyin, ga wani bitamin da jijiya ke buƙata ya yi ƙasa sosai. Likita ya ce, "Za mu yi ƙoƙari mu tsayar da shi. Abin da ya tafi kuwa, ba na yi miki alkawari."

Ban gaya wa 'yan gidanmu ba. Mahaifiyarmu, Inna, tana Uke, ga tsufa ga hawan jini, na ce kar in ƙara mata.

Ana cikin haka Inna ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Baki ya tafi, ido ba ya buɗuwa sosai. Hannun dama kaɗai ya rage mata. In ka sa hannunka a cikin nata ka yi magana, takan ɗan matse. Matsin ba shi da ƙarfi, ido ba ya kama shi, sai wanda ke riƙe da ita ne ke ji.

Da jiki ya yi tsanani, babbanmu Yaya Sani ya tara mu ya ce, "Kowa ya nemi gafararta tun tana ji." Shi ya fara. Ya sunkuya ya yi magana, ya ɗago da hawaye ya ce, "Ta matse." Ƙanwata Ladidi ma haka.

Ni na fi kowa buƙatar wannan gafarar. Uke ba nisa, amma sai in yi watanni ban je ba, ina fakewa da cunkoson Mararaba.

Na sa hannuna a cikin nata. Na ce, "Inna, Binta ce. Ki yafe min."

Na jira, irin jiran da na yi a gaban likita.

Yaya Sani ya ce, "Ta matse?"

Na ce, "Ban sani ba."

"Kamar yaya ba ki sani ba?"

Na buɗe masa tafin hannuna ya ga tabon ƙunar, na gaya musu komai. Ladidi ta ce, "Yaya Binta, ɗora hannunta a kumatunki ki sake tambaya." Na ɗora, na ji ɗuminsa, na sake tambaya. Amma barci ya riga ya ɗauke ta, kuma ba ta farka ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ladidi ta ce ta ga babban yatsan Inna ya motsa. Ladidi akwai tausayi, tun muna yara takan faɗi abin da zai hana ni kuka. Yaya Sani ya ce uwa ba ta tafiya da ɗanta a rai. Na san haka. Amma su sun ji, ni gaya min aka yi, kuma wannan abu yana cin raina har yau.

Na ci gaba da alluran bitamin da likita ya rubuta min, na kiyaye abinci, ina zama ina tsince wake daga cikin shinkafa don motsa yatsu, kamar yadda aka koya min a asibiti. Ruwan wanka da gwiwar hannu nake gwada shi. Yanzu ji ya ɗan dawo a babban yatsa da manuni na dama. Likita ya yi murna ƙwarai. Ni kuwa ranar da na fara jin sanyin ruwan alwala, zama na yi a bakin famfo ina kuka. Ya dawo, amma hannun da nake son ji yana ƙarƙashin ƙasa.

Alhamdulillahi a kowane hali. Na gode wa maigidana da ke ɓalla min maɓallin riga bai taɓa nuna gajiya ba, da Ladidi, da ku da kuka yi ta cigiyata.

Mai suga, in ka ji kiyashi na yawo a ƙafa ko hannu, kar ka tsaya man zafi, je asibiti. Ka riƙa duba tafin hannu da ƙafa kullum, don ciwon da ba ka ji shi ne mugu. Kar ka ɓoye wa naka.

Wanda kuma uwarsa ke raye, ya je yau ya nemi gafararta tun tana iya amsa masa da baki.

Ku sa Inna a addu'a.