Koci Abdulbaƙi da Jakar Wayoyi

Abdulbaƙi ɗan Gwammaja ne. Karatun injiniya ya kawo shi Guangzhou, ya ɓige da horar da ƙungiyar ƙwallon ɗaliban jami'arsu, har ya ci kofi biyu. Sirrinsa tsawa ce: wanda ya makara ya zagaye fili sau goma, wayoyi kuma a zuba su a jaka sai an tashi. Yara ne, tsoronsa suke ji.

Shi ke nan 'yan gida masu sarin takalma a kasuwar Zhanxi suka ce sun ga gwani, suka ɗauke shi ya riƙe musu kulob, har da albashi. Ya yi wa ɗalibai sallama, wai ya wuce ajinsu. Sababbin 'yan wasansa kuwa tsofaffin 'yan lig ne daga gida, kowa da iyali da kwastomomi.

Ranar farko gwani ya buɗe jaka ya ce a zuba waya. Dogara, ɗan wasan gaba da ya ba shi shekara goma, ya ce, "Ƙanina, wannan ba waya ba ce, shagona ne. Kwantenata tana tashar jiragen ruwa ta Nansha, kira nake jira."

"To, zagaye goma!"

Dogara ya zagaya kam, rabin fili, ya fice ta ƙofa, mutum takwas suka bi shi. Ranar Lahadi ko sha ɗaya ba su cika ba, abokan hamayya suka samu wasa a ɓagas. Washegari aka sallami gwani.

Da ya koma jami'a ya tarar an naɗa wani. Ɗaliban suka ce in yana so, ya zo ya riƙa hura musu usur.