Ɗalhatu Mai Garka a Majalisar Kaduna

Hajiya Saratu ta zo Dubai ne don a duba mata gwiwa, ta sauka a unguwar Satwa wurin ɗanta Hafiz. Likita ya ce ta riƙa ɗan tattaki bayan la'asar, matar Hafiz ɗin kuwa, Ummulkhair, ita ke riƙe mata hannu. Ran nan suka ga wani lebura yana gyara siraran bututan roba da ke ɗiga wa dabinai ruwa a bakin titi. Hajiya ta tsaya ta daɗe tana kallo.

"Da Baba ya ga wannan, sai an ja shi kafin ya bar wurin nan," in ji ta.

"Wane Baban, Umma?"

"Mahaifina, Ɗalhatu Mai Garka, kakan mijinki. Zo mu zauna."

Suka zauna a benci, ta ɗauko labarin tun daga tushe.

Ɗalhatu ɗan mai noman rani ne a Rafin Tsamiya. Yana saurayi ya yi aiki a wata gonar gwaji ta Turawa, inda ya koyi yi wa itace aure. Da ya dawo gida sai ya bar albasar gado, ya cika fadamar ubansa da mangwaro da lemo da gwaiba, yana ba su ruwa da jigo. Mutane suka yi ta dariya, wai ya shuka abin da sai jikokinsa za su ci. Shekaru kaɗan bayan haka, lemonsa ne ake lodawa a jirgin ƙasa zuwa Kano, masu dariyar ma wasu a garkarsa suke aiki.

Da aka zo zaɓen wakilan da za a tura majalisar Kaduna, dattawan gari suka iske shi a kan bishiya yana datse rassa.

"Sauko, Ɗalhatu, Kaduna za ka."

"To wa zai ba lemona ruwa?" in ji shi.

Ya dai sauko, ya kuma ci zaɓen. Saratu tana ƙarama a lokacin, amma ba ta manta ranar tafiyarsa ba: babbar riga sabuwa da ba ta zauna masa ba, hannuwansa duk sun yi kanta, da kwandunan lemo a bayan mota. Lemon nan kowa ya raba wa, har 'yan hamayya. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, don haka da Hausa yake magana, tafinta yana bin sa. Shi ya dage har aka riƙa duba sikelin masu sayen gyaɗa a yankinsu, aka kuma yi gada a kan rafin da ke cin jakuna duk damina.

Sai wani kamfanin Turawa ya nemi fadamar duka don noman rake. Aka ce za a tashi ƙananan manoma, garkar Ɗalhatu kaɗai ba za a taɓa ba. Manyan jam'iyyarsa suka ja shi gefe, suka ce ya yi shiru tunda ba abin da zai rasa. Ranar muhawara sai ga shi ya miƙe.

"Ranka ya daɗe Shugaba, an bar mini garkata, na gode. Amma in aka kori maƙwabtana, wa zan yi wa barka da asuba? Su suka aiko ni nan, ba itatuwa ba."

Bai yi nasara duka ba. Kamfanin ya karɓi gabashin fadamar, yammaci ya tsira. Da zaɓe ya sake zagayowa, bayan Turawa sun miƙa mulki, jam'iyya ta tsayar da wani. Ɗalhatu ya naɗe babbar rigarsa ya sa a adaka, washegari ya koma bakin jigo. Waɗanda aka tasa daga gabas ya yanka musu fili tsakanin itatuwansa, suka ci gaba da albasarsu. Ba a taɓa jin ya zagi kowa ba. In an tambaye shi Kaduna, sai ya ce, "Garin yana da kyau, sai dai kujerar majalisa tana sa ciwon baya."

Ya rasu da tsufa, cikin damina. Magada suka raba garkar, gari ya faɗaɗa ya cinye ta, yanzu duk gidaje ne. Sai 'yan mangwarori da suka rage a tsakar gidajen mutane.

"In na je gida nakan yi sallama, in ce na zo ganin bishiya," in ji Hajiya.

"Suna barin ki shiga, Umma?"

"Har tabarma suke shimfiɗa mini, su tsinko mini nunannu. Ba su san wanda ya shuka ba, 'yar nan, sai na zauna na faɗa musu."