Saƙin da Baba Ya Taɓa a Indiya

Mahaifina yadi yake sayarwa a kasuwar Gamboru, kuma yana da wata ɗabi'a da ta sha ba mu kunya muna yara. In ya gaisa da mutum, ba ya sakin hannunsa sai ya kai yatsu biyu bakin hannun rigarsa ya murza. Ko liman ne, ko baƙon da ya zo neman auren yayata, sai an murza. Daga fuskarsa za ka gane ko rigar ta ci jarrabawa.

Abin dariyar shi ne, mutumin da rumfarsa ke cike da shadda, shi kansa saƙi yake sawa, fari mai kaushi. Dalili kuwa, a firamare ya yi wani malami Ba'indiye mai zuwa makaranta a kan keke, wanda yake kaɗa zaren rigarsa da hannunsa. Wannan malamin ne ya gaya musu cewa a ƙasarsu shugabanni saƙi suke sawa, don su ji abin da talaka yake ji a fatarsa. Baba ya riƙe maganar nan kamar karatun allo.

Da ita muka tashi. In aka yanke mana ruwan famfo a unguwarmu ta Mairi, sai ya ce, "A Indiya ba a haka." In ɗan takara ya wuce da jiniya yana watsa atamfa, sai ya girgiza kai daga gindin darbejiyar ƙofar gidanmu ya maimaita. Har darbejiyar ma hujja ce a wurinsa, wai daga can aka kawo irinta, shi ya sa take ba kowa inuwa ba ta tambayar jam'iyyarsa. Abokansa na majalisa suna tsokanarsa da Sarkin Indiya, alhali ko Konduga da ke nan kusa da mu ba ya son zuwa. Ni kaina na sha yi masa dariya a ɓoye. Amma gaskiya maganar tana sanyaya mini rai, domin ko ba komai akwai wani wuri a duniya da ba a haka.

Da ciwon ƙoda ya kama shi, likita ya ba da shawarar a fita da shi waje, muka haɗa ƙarfi ni da 'yan'uwana. Da ya ji Indiya za a kai shi, tsohon da ya kwana biyu ba ya cin abinci ya tashi zaune ya ce a wanke masa saƙinsa. Ni aka zaɓa in raka shi. A lokacin idonsa ya yi rauni sosai, ni ne idonsa.

Mun tarar ana kakar zaɓe. Asibitin babba ne, likitocin kuma ba su da wasa. Sai dai a barandar ƙasa akwai mutanen ƙauye, masu jinya da marasa lafiyar da ba su sami gado ba, suna kwana a kan kwali da ƙullin kayansu. Ban taɓa gaya wa Baba ba. In ya tambaye ni hayaniyar me yake ji, sai in ce masu ziyara ne.

Wata safiya aka ce wani babban ɗan siyasa zai zo duba marasa lafiya. Kafin hantsi an kore mutanen barandar kaf zuwa bayan katanga, cikin rana, an wanke wurin an jera furanni. Ina kallo ta taga wata tsohuwa tana jan mijinta a kan buhu. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na juyo na ga Baba ya riga ya sa saƙinsa, ya gyara zaman hularsa, fuskarsa kamar ta yaro ranar salla. Sai na haɗiye.

Mutumin ya shigo cikin fararen kaya, da silifa a ƙafarsa, masu ɗaukar hoto na biye da shi. Da ya hangi baƙo daga Afirka sanye da saƙi, nan take ya nufo gadonmu. Tafinta ya gaya masa tarihin malamin nan, ya dafa ƙirji, ya yi jawabi a kan talakawa har muryarsa tana rawa. Sannan ya miƙa wa Baba hannu.

Na san abin da zai biyo baya, kuma ba ni da yadda zan hana. Baba ya kai yatsu biyu bakin hannun rigar ya murza. Na ga ya yi murmushi. Sai yatsansa ya zarce ciki, ya sake murzawa, a hankali murmushin ya tafi. Aka ɗauki hoto, suka wuce gado na gaba.

Sai bayan azahar ya yi magana.

"Saƙi ne," ya ce.

"To ai ka gani, Baba."

"A waje. Ciki an yi masa shafi da siliki. Ba ya so ya ji kaushin." Can ya ce, "Su masu ziyarar nan naka, yau ban ji su ba. Ina aka kai su?"

Na gaya masa. Ya juya fuskarsa bango.

Aikin da likitoci suka yi masa ya yi kyau, muka dawo gida. Majalisa ta cika da masu barka, ana ta gaisuwar lale da wushe. Babban abokinsa, wani tsohon mai wankin hula, ya ce, "To Sarkin Indiya, yau sai labari. Yaya ka baro mutanenka?"

Baba ya ce, "Likitocinsu sun iya aiki." Daga nan ya tambayi farashin gero.

Bai daina sa saƙi ba. Ya taɓa ce mini malaminsa dai bai yi wa tasa rigar shafi ba, don ya taɓa ta da hannunsa yana yaro. Amma waccan magana ta "A Indiya ba a haka" ba ta sake fitowa daga bakinsa ba. Ruwa ya yanke, wuta ta ɗauke, ina kasa kunne, shiru.

Da zaɓenmu ya zo, muna zaune gindin darbejiya sai ga ayarin ɗan takara ana rabon taliya, mata suna ture juna har wata ta faɗi. Na dubi Baba, na jira. Da na ga ba zai ce ba, sai ni na ce, "A Indiya ba a haka, ko Baba?"

Ya dafa gwiwata. "Bari, ɗana. Ai na riga na je."

Allah ya ƙara masa shekaru bayan tafiyar nan, kuma na gode. Yanzu ya rasu, saƙin yana cikin akwatina. Ina kewarsa, amma wanda na fi kewa shi ne Baban da bai je ba, mai girgiza kai a gindin bishiya yana da inda zai nuna mana. 'Ya'yana in an ɗauke wuta sukan tambaye ni ko ko'ina haka ake, ni kuwa ba ni da sunan ƙasar da zan kira musu.