Baba, a Ƙara Murya

A ɗakin jira na asibiti ga wata mata doguwa zaune, takalman ƙafarta ma ba iri ɗaya ba ne, da gani a guje ta baro gida. Mijinta yana ɗakin tiyata. Surukarta, tsohuwa tukuf, ta riƙe mata hannu gam.

A talabijin ɗin bango, gidan jarumar wani shiri ya ƙone ƙurmus, amma ko ƙwalla babu a idonta, sai ba maza umarni take.

"Ga irinki nan, 'yar nan," in ji tsohuwar. "Muddin ban ga hawayenki ba, na san ɗana zai tashi."

Matar ta yi murmushi. Wataƙila tun tana ƙarama ake ce mata jaruma, ba wanda ya taɓa tambayarta ko ta gaji.

Ta dubi wani dattijo mai shara da ke kusa da talabijin ɗin. "Baba, don Allah a ƙara murya."

Ya ƙara. Jarumar tana daka tsawa, tsohuwa ta tsura wa allo ido. Ita kuwa ta juya fuska bango, hawaye na zuba shar. Hannun da surukarta ke riƙe da shi ko motsi bai yi ba.